Bandurar Ustim a Saman Silin

Ustim Perepelitsa ba makaho ba ne, kuma mutanen ƙauyen Zaverbi sun daɗe suna yi masa tsiya a kan haka. A zamanin tasowarsa makafi ne ke kaɗa bandura, wata irin babbar garaya mai tsirkiya da yawa. Su ne ke bin kasuwanni da ƙofofin coci, su zauna a ƙasa su jingina ta da ƙirji, suna rera labarin mazan jiya da na bayin da aka kwashe zuwa hayin teku. Mai ido kuwa garma ce tasa. Ustim ɗan masassaƙi ne, har gemu ya fara tsiro masa bai san yadda tsirkiya take a yatsa ba, sai wani hunturu da ƙanƙara ta toshe hanya, ta tsare wani tsohon makaho mai suna Trohim a gidansu har zuwa narkewarta.

Da fari tsohon ƙin koya masa ya yi.

"Ku masu ido ba ku jin komai," in ji shi. "Idon ya cinye muku kunne."

Da naci ya yi yawa, sai ya sa aka kawo masa tawul, ya ɗaure wa Ustim fuska da shi tamau. Haka ya koyi kiɗa, cikin duhu da rana tsaka, tsoho na ƙwala masa cokalin katako a bayan hannu.

"Kai, ɗan masassaƙi! Tsirkiya ce wannan, ba ƙusa ba. Lallashinta ake yi."

Ranar da zai tafi ya bar masa doka guda. "Ko ka kaɗa ko ba ka kaɗa ba, kullum ka ɗaure ta daidai. Kada ta wuni a sake. Malamina sau ɗaya ya sassauta tasa, ba a yi nisa ba muka binne shi." Ustim ya yi dariya a lokacin. Amma maganar ta shige shi kamar ƙaya a tafin ƙafa, fata ta rufe a kanta, ta zauna.

Bandurar da ya fara sassaƙawa karkatacciya ce, muryarta kamar ta agwagwa mai mura. Ta biyun ce ta zama tasa. Ya sare itacen verba a bakin rafi, ya bar gungumen ya sha iska shekaru, sannan ya rarake shi kamar akushi, har in an ɗaga shi ga rana sai a ga haske na neman ratsowa. Tsirkiya talatin da 'yan kai ya ja mata, masu kauri a kan wuya, sirara a jere a kan ciki kamar ruwan sama da aka tsayar a hanyarsa ta saukowa.

Waɗanda suka ji shi a shekarun ƙarfinsa har suka tsufa suna gardama a kan abin da suka ji. Hannun hagu a wurin yawancin makaɗa aikinsa riƙe wuya ne da bugun manyan tsirkiyoyi. Na Ustim tsallakowa yake yi ya faɗa cikin sirara, hannayen biyu su yi ta ratsa juna kamar tsuntsaye a kan gonar alkama. Wanda ke tsaye a bayan danga sai ya rantse mutum biyu ne ke kiɗa. Yakan taso da dawakai daga nesa, su matso har ka ji su a haƙarƙari, su wuce. Yakan sa ta yi shessheƙar mace mai ɓoye kukanta a cikin gyale. An taɓa kai shi Poltava ya yi kiɗa a wani babban zaure, masu farar kwala suka miƙe tsaye suna tafi. Ya dawo yana cewa burodin birni ba shi da ɗanɗano, bai kuwa sake komawa ba.

Ya auri Sekleta, mace mai kaifin baki da saurin hannu. 'Ya ɗaya ce ta rayu musu, Lukera, kuma wanda ya riƙe ta ranar baftisma shi ne Omelko Dovbnya. Tun daga ranar shi da Ustim suke kiran juna kum, zumuncin da ya fi na jini wuyar yankewa. Omelko ƙato ne, shi ne mai babbar murya a mawaƙan coci. In ya sauke murya ƙasa, fitilun da ke rataye sai sun yi rawa. Gidan biki ba ya cika sai an ga su biyun, ɗaya na kiɗa ɗaya na ruri.

Sai zamani ya juya. Aka mai da coci rumbun hatsi, aka haɗe gonaki wuri ɗaya aka ce gandun kowa ne. Aka naɗa Omelko shugaban masu aiki, don shi kaɗai ne in ya yi kira daga bakin rafi ake jinsa a gona ta ƙarshe. Babbar yunwa ta zo ta kwashe waɗanda ta kwashe. Bayanta, lokacin da mutane suka fara ɗaga kai, sai wani labari ya soma yawo a bakin rijiya da ƙaramar murya: ana kiran makaɗan bandura zuwa gunduma, kuma ba su dawowa. An ce waƙoƙinsu na tuna wa mutane abin da ya kamata su manta. Wanda aka tafi da shi, matarsa takan bi baya, 'ya'ya kuwa gidan marayu, a canza musu suna.

Da aka ce kowa ya kawo tasa, Ustim ya ɗauki karkatacciyar nan ya kai. Aka ƙone ta a fili, Omelko ne ma ya jefa ta wuta. Ta gasken kuwa ya naɗe ta a buzu ya hau da ita sararin da ke tsakanin silin da jinka, inda ake rataye albasa.

"Ka sassauta mata tsirkiya?" in ji Sekleta.

"Na sassauta."

"Dube ni, Ustim."

"Na ce na sassauta, mace."

Ƙarya yake yi. Kullum da hantsi, in ta tafi garken shanun gandu, Lukera kuma tana makaranta, sai ya bar ƙafafun amalanken da yake gyarawa ya lallaɓo gida. Ya hau tsani, ya kwance buzu, ya manna kunne a jikin katakon, ya bi tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya da makullin ɗauri. Ba kiɗa yake yi ba. Shafa ce kawai, wadda ko ɓeran jinka ba zai farka saboda ita ba. A waje kuwa ya zama wani mutum dabam. Ya yanke faratansa har nama. A wurin taro yana cusa hannaye a hammata, domin in ya sake su sukan fara tafiya a kan gwiwa da kansu. Haushin kare a ƙarshen layi yakan tsayar masa da loma a maƙogwaro.

Ranar da abin ya faru rana ce mai haske, irin wadda ƙanƙara ke sa ido hawaye. Yana sama, ya kwantar da bandura a kan allunan silin yana bin sirara, sai ya ji ƙararrawar doki ta tsaya a ƙofar gidansa.

"Kum! Fito ka ga baƙo!"

Bai san yadda ya sauko ba. Sai da ya ja ƙofa ya ga Omelko da wani siririn saurayi mai baƙar rigar fata, sannan ya tuna buzun yana gefe guda, bandura tana gefe guda, a buɗe, cikinta na kallon jinka. Sekleta ta hango su daga garke, ta biyo su da gudu tana goge hannu a zane.

Baƙon daga gunduma yake, sunansa Lisak. Yana da tari, kuma bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba, abin da ya fi tsawa ban tsoro. Ya zauna a benci daidai ƙarƙashin gungumen da ya ɗauki silin.

"An ce kai ne gwanin makaɗan yankin nan."

"An dai taɓa cewa, kwamared. Yanzu amalanke nake gyarawa."

"Miƙo hannunka."

Ya juya tafin, ya duba farata, ya danna kan yatsu kamar mai tayin tumatir.

"Ba ka kewarta?"

"Wa ke kewar ciwon baya, kwamared?"

Omelko ya fashe da dariya, irin tasa mai fitowa daga ƙasan ciki. "Ho-ho! Wannan? Ai da hannuna na jefa ta wuta. Ko kukan kirki ba ta yi ba, ho!"

Sai silin ya amsa.

Duk makaɗi ya san wannan: tsirkiyar da aka ɗaure daidai ba ta jiran yatsa, in murya ta faɗo a kan nata sautin sai ta tashi da kanta. Manyan ne suka fara, wani gunji siriri mai tsawo, sannan sirara suka kama, allunan silin suka ɗauka suka shimfiɗa shi a kan ɗakin kamar hayaƙi. Ustim ya ga bayan wuyan Sekleta ya sandare. Ya ga bakin Omelko a buɗe, dariyar ta mutu a ciki, idanunsa sun tashi sama sun dawo sun sauka a kansa. Mutumin da ya yi shekaru yana waƙa a gefen wannan katako ba ya bukatar a gaya masa ko mene ne. Lisak yana fyace hanci a ƙyalle, bai ɗago ba.

Daga nan Omelko ya koma magana da raɗa.

"Me ya sami muryarka?" in ji Lisak.

"Sanyin hanya, kwamared."

"Kai, madalla da sanyin hanya!" Sekleta ta cafe. "Tun ina amarya yake fasa mini tukwane da bakin nan. Ci gaba da haka, kum, ka fi kyau." Ta jawo tukunyar miyar borsh daga murhu da ƙara, ta zubar da cokula, ta tattara su, ta sake zubarwa, ta ja benci, ta kori kyanwar da ba ta yi laifin komai ba.

"Uwar gida," in ji Lisak, "bar wannan hayaniya. Kaina ke ciwo."

Ɗakin ya yi tsit. Baƙon ya tambayi Ustim wa ya koya masa, ya ce wani makaho ne da ya daɗe da mutuwa. Ya tambayi su wa yake kiɗa da su, ya ce duk yunwa ta kwashe. Yana amsawa da muryar da ba ta wuce haƙoransa, yana roƙon Allah a zuci kada kowa ya yi atishawa. Har Lisak ya fara sa safar hannu. Sai tarin ya taso masa, busasshe, mai kaifi, sau uku a jere.

Sirara suka amsa, tas, kamar an zuba allurai a faranti.

Lisak ya tsaya da safa ɗaya a hannu. A hankali ya ɗaga kai.

"Mene ne a sama?"

"Albasa, kwamared. Da tsummoki."

"Albasar garinku waƙa take yi?" Ya miƙe. "Ina tsani?"

Lukera kawai Ustim yake gani a zuci, da kitsonta biyu, a cikin layin yaran gidan marayu masu askakken kai.

"Ba sama ba ne, kwamared!" Omelko ya taso ya cika tsakiyar ɗaki, raɗar ta tafi. "Gidan ne. Tsofaffin gidajen nan komai na cikinsu amsa kuwwa yake yi, gilashin taga, kwanon wanka, duka. Kum ɗina malalaci ne, ko ƙusa ɗaya bai buga daidai ba. Tsaya ka ji abin mamaki."

Ya ja numfashi har maɓallin rigarsa ya yi ƙara. Ustim ya gane daga idonsa cewa bai zaɓi waƙa ba. Sauti mafi zurfi kawai yake nema, wanda zai girgiza komai a lokaci guda. Amma sauti mafi zurfi a jikin Omelko wuri ɗaya yake zaune, a cikin addu'ar da ake rera wa mamaci kafin a rufe akwati. Ita ce ta fito, da kalmominta cif, da sunan Allah a tsakiya.

Gilashin taga ya kama rawa. Kwanon wanka ya yi zuuu a jikin bango, cokula suka yi ta kaɗawa a kan tebur, silin ya ɗauka gaba ɗaya, har ba mai iya rarrabe kukan tsirkiya da na kwano. Hannun Sekleta ya tashi zai yi alamar gicciye, ta cafke shi da ɗayan. A tsakiyar baiti Omelko ya ji abin da bakinsa ke faɗa. Ustim ya ga lokacin, ya ga jinin ya bar fuskarsa. Amma ba dama ya tsaya, domin in ya yanke, tsirkiyoyin za su ci gaba su kaɗai a cikin shiru. Sai ya kai ta har ƙarshe, yana sauke murya kaɗan-kaɗan, yana rufe su da ita kamar kaza da 'yan tsaki, har suka mutu a ƙarƙashinta.

Lisak ya daɗe yana kallonsa.

"Murya mai kyau," in ji shi. "Shugaban masu aikin gandu, kuma ko kalma ɗaya bai manta ba." Ya sa ɗayar safar. Bai sake kallon silin ba. "Mu je, ɗan ƙasa Dovbnya."

A bakin ƙofa Omelko ya waiwayo, yana ƙoƙarin murmushi da leɓe fari fat.

"Kum, albasarka ta fara tsiro. Ka duba ta."

Kafin ƙanƙara ta narke aka zo aka tafi da Omelko.

Sekleta ta so ta cusa bandura a murhu a ranar. Ustim ya tsaya a gindin tsani ya tare hanya, ita ma ta dube shi ta ga ba da mai hankali take magana ba. Sai ta hau da kanta ta cuccusa ulun tumaki a tsakanin tsirkiyoyin. "In na sake jin ko numfashinta," ta ce, "ni zan kai ka da kaina." Bai daina ɗaurin ba. Yakan ciji gefen katakon da haƙori, ya taɓa tsirkiya ta cikin ulu, sautin ya bi ta ƙashin kansa ba tare da ya fita ɗaki ba.

Sabon tsoron da ya zo ya fi na da. Kowa ya san a can sunaye ake tambaya, kuma mutane na bayarwa, har waɗanda suka fi Omelko taurin kai. Kalma ɗaya ta isa. Sekleta ta ajiye jakar busasshen burodi da safa a ƙarƙashin benci, in ya yi fumfuna ta canza. Ustim yakan je ya faskara wa Motrya, matar Omelko, itace. Takan tsaya da hannu a ƙarƙashin gyale tana kallonsa.

"Kai kana wurin, kum. Me ya shiga kansa ya yi waƙar nan?"

"Ban sani ba, Motrya."

Sai ya ɗaga gatari da sauri don kada ta ga fuskarsa.

Yaƙi ya zo ya bi ta kansu ya koma, ya ƙone rabin ƙauyen ya bar gidan Ustim. Motrya ta rasu. Lukera ta yi aure. A ƙarshe har bandura ta dawo, 'yar masana'anta mai sheƙi, 'yan mata na kaɗa ta a zauren taro da waƙoƙin da aka yarda da su. Aka zo aka roƙi Ustim ya koyar. Ya ce yatsunsa sun mutu. Tarko ya ɗauki abin, kuma har ya bar duniya ba wanda ya iya raba shi da wannan zato.

Wata rana da rani yana tonon dankali, sai ya ga wani tsoho a jingine da danga, dogo amma a ranƙwashe, babu haƙori, rigar ta yi masa yawa. Ya daɗe yana kallo kafin ya gane Omelko ne. Ya ji tsoron da bai ji ba ko a gaban Lisak.

"Kum," in ji tsohon. Muryar kamar ana jan busasshen ganye a ƙasa. Sanyin dazukan arewa, inda aka tsare shi, ya cinye ta.

Suka shiga ɗaki. Sekleta ta ɗora kwano a gabansa tana kuka ba sauti. Omelko ya ci a hankali, hannu ɗaya a kewaye da kwanon.

"Sun tambaye ni kai," ya ce. "Sun tambaya ƙwarai." Ya tauna. "Na ce musu ko ganga ba ka iya ba, ni nake rufa maka asiri a gidan biki."

Omelko ya ture kwanon gefe.

"To, sauko da ita. In ji abin da na tafi dominsa."

Ustim ya dubi hanya ta taga. Sekleta ta je ta ja labule, ta sa sakata.

"Buɗe mana mu sha iska, mace," in ji Omelko. "Bar sakatar. Ina kuma ya rage su kai ni?"

"Kai sun gama da kai, kum. Shi fa?"

Ustim ya sauko da ita. Ya daɗe yana zare ulun, wanda ya yi baƙi da ƙura. Ya jingina ta da ƙirji, ya fara wani abu mai nauyi, a hankali.

"A'a, a'a," in ji Omelko. "Makoki ya ishe ni. Ta rawa, ɗan masassaƙi, in har kana tunawa."

Hannun hagu ya tsallako. Tsufa ya rage masa gudu amma bai ɓatar da shi hanya ba, ɗakin ya fara cika, ƙafar Omelko ta soma bugun ƙasa. Sai suka ji ƙarar mota daga kan tudu. Ustim ya kifa tafinsa a kan tsirkiyoyin, sautin ya yanke. Su uku suka zauna, tsofaffi, ba mai motsi, ba mai kallon wani, suna saurare tana matsowa. Ta rage gudu a kwanar rijiya. Ta iso daidai danga. Ta wuce.

"Ta madara ce," in ji Omelko da raɗa, bayan ƙurar ta kwanta. Gumi na bin goshinsa shi ma. "Ci gaba."

Ustim ya ɗaga tafinsa. Ya ci gaba daga inda ya tsaya, amma ƙasa-ƙasa, kunne ɗaya a hanya.